Goron Nasiru da Kirarin Jihohin Amirka

Tun da na dawo daga Faransa ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba a fadarmu, wurin zaman hirarmu. Kofi bai kai bakina ba sai wani ya ce, "Mushe Lawali, wai da gaske karnukansu riga suke sawa?" Wannan ya tambayi sanyi, wancan ya tambayi abinci. Na ba da labarin a gutsure har na gaji, kuma na lura kowa sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gida. To ga shi nan ɗungurungum, daga tashar mota har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, shi zai riƙa hura gawayin shayi.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Nasiru ne dalili, ɗan yayana marigayi Mutari. Ya yi karatun injiniyan ruwa a Lyon, ya samu aiki a can, ya ga yarinya yana so. Sunanta Safiya, ƴar wani Bakano, Alhaji Garba, wanda ya daɗe a ƙasar har ya haifi ƴaƴansa duka a can. Alhaji ya ce shi ba a neman ƴarsa ta tarho, sai ya ga uba tsaye a gabansa da goro a hannu. Gaskiyarsa. Mutari kuwa, kafin Allah ya karɓi abinsa, ya kama hannuna ya ce, "Lawali, yaron nan naka ne, ka tsaya masa." Saboda haka na ce ko a bangon duniya yarinyar take sai na je, kuma ba zan dawo Damagaram hannu rabbana ba.

Wahalar biza ba zan taɓo ta ba, likita ya hana ni duk abin da zai tayar mini da hawan jini. Mu fara daga babbar motar Yamai. Allah ya haɗa ni kujera da wani tela wanda bai taɓa wuce Yamai ba, amma ya san Faransa kamar yunwar cikinsa. Tun daga Tasawa yake ba ni shawara: kada in sa babbar riga, za a ce ni boka ne, kada in ci nama, duk na alade ne, kada in kalli ɗan sanda a ido. A Ƙonni muka sauka salla, na saya masa tsire don bakinsa ya samu wani aikin. Ya cinye, ya goge hannu, ya ci gaba daga inda ya tsaya har Dosso.

Jirgi bai kai mu Paris kai tsaye ba, sai da muka sauka wata ƙasa muka canza. A filin jirgin nan na fara cin karo da famfon da ba shi da makunni. Ka miƙa hannu ruwa ya zo, ka janye ya ɗauke. Hannu da fuska sun samu, amma da na ɗaga ƙafa na ɗora, sai famfon ya ce bai san zancen ba. Ina tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, sai wani Balarabe ya tausaya mini, ya tsaya yana miƙa nasa hannun har na gama alwala. Allah ya saka masa da alheri, ko sunansa ban tambaya ba.

A Paris ɗan sandan iyaka ya dubi fasfo, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce neman aure. Ya dubi furfurata, ya girgiza kai, ya yi mini fatan alheri, ya buga hatimi. Wajen ƴan duwan, masu binciken kaya, aka yi ta. Wani kare ya zo ya zauna gaban akwatina kamar an aiko shi. Aka buɗe, aka fito da kilishin da maiɗakina ta sa aka yi wa Nasiru musamman. Suka ce nama ba ya shiga. Na ce ai wannan ya wuce nama, kilishi ne. Suka ce ko ma mene ne. Na roƙi jami'in ko ɗanɗanawa ya yi kafin ya zubar, kada kilishin Damagaram ya mutu ba shaida, ya ƙi. Da suka kai hannu kan goro kuwa sai na dafe. Na kwance musu Faransancin da na yi shekara da shekaru ina koyarwa a lakwal, makarantar boko inda ake ce wa malami Mushe, na ce su ɗauki akwatin, su ɗauki takalmina, amma goron nan auren maraya ne. Suka jujjuya shi, suka shinshina, suka yi shawara a tsakaninsu, suka sakar mini. Har yau in na tuna kilishin nan a kwandon shara sai raina ya ɓaci.

Issufu ne ya tarye ni, abokina tun muna ajin farko. Yana zaune a Montreuil, a irin manyan gidajen nan na ma'aikatan Afirka, ɗaki ƙarami, gado biyu. Aikinsa sauke kayan marmari a kasuwar Rungis, don haka lokacin da duniya ke tashi shi yake kwanciya. A ƙasan ginin wasu matan Mali ke dafa shinkafa da miyar gyaɗa, kuma wallahi ba don su ba da yunwa ta kar ni, don burodin ƙasar dogo ne kamar sanda, kuma kafin yamma ya zama sandar sosai.

Gaisuwar mutanen Paris ce ta ɗaure mini kai. Na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi sallama, ba wanda ya ɗago kai, wata ma ta ƙara rungume jakarta. Na ce to, ba a gaisuwa a garin. Washegari na shiga wajen mai burodi na nuna abin da nake so ban ce komai ba, sai matar ta tsaya ƙiƙam tana kallona, ta ƙi motsi har sai da na ce bonjur. Issufu ya yi dariya har da tari. Ya kai ni na ga dogon ƙarfen nan da ake ta magana. Ƙarfe ne, dogo ne, na gani.

Ranar da zan wuce Lyon, yana ɗaure mini akwati ya ce, "Lawali, na san bakinka. Yaran da aka haifa a nan suna jin Hausa, amma ba a cikinta suka tashi ba. Ka riƙa auna magana."

Na ce, "Ni za ka koya wa yara? Yara nawa suka bi ta hannuna?"

Ya ce, "Na dai faɗa maka."

A jirgin ƙasa mai gudun tsiya na zauna a kujerar da ba tawa ba, don lambar ta yi daidai amma taragon ba shi ba ne. Da aka kai ni inda ya dace, na tarar maƙwabciyata wata tsohuwa ce da ɗan karenta. E, yana da riga, ja, har da maɓalli, kun huta. Tsohuwar mutuniyar kirki ce. Ta yanko mini cukunsu, wanda in aka ajiye shi kusa da daddawa sai daddawa ta nemi a buɗe taga. Na daure na haɗiye. Na ɓare goro na ba ta, ta gatsa, fuskarta ta tattare wuri ɗaya, ita ma ta daure ta haɗiye. Muka dubi juna muka yi dariya, an tashi kunnen doki.

Nasiru na jirana a tasha. Da na hango shi sai na ga Mutari tsaye, har yadda yake karkata kai, sai da na juya na share ido. Ya kai ni na ci wani abu da suke kira takos, nama da dankali da cuku an cusa cikin waina an naɗe, mai nauyi kamar bulo. Muna ci na tambaye shi aikin yarinyar. Ya ce digirin dokta take yi, a kan laƙabin jihohin Amirka, inda kowane ya samo asali.

Na ajiye abincin. "Laƙabi? Yanzu kirari ake yi wa digiri? Da na sani ai da na zo da sanƙiran unguwarmu, ya zama farfesa."

"Baba, don Allah kada ka faɗi haka a gabanta."

Na yi masa alkawari, kuma na cika. Wannan dai ban faɗa ba.

Ziyarar farko ta gaisuwa ce kawai, goro sai an sa rana. Muka shiga metiro, muka hau bas har Vaulx-en-Velin, dogayen gidaje duk kamarsu ɗaya, muka hau bene. Ba sai na gaya muku abin da ke tsakanin Badamagare da Bakano ba. Kakanni sun gwabza yaƙi, jikoki suka mai da shi wasa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ina ƙwanƙwasa ƙofa na ce, "Salamu alaikum, nan ne gidan bayina Kanawa?"

Daga ciki aka ce, "Wa nake ji kamar bawan gidanmu? Shigo, Badamagare, amma ka tuɓe takalmi kada ka ɓata wa ubangijinka darduma."

Alhaji Garba ya rungume ni kamar mun shekara hamsin da sanin juna. Idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce rabon da a zage shi zagi mai daɗi irin wannan tun yana saurayi a Kurmi. Muka gaisa da maiɗakinsa, Hajiya Balaraba, aka tambayi gida da gajiya da mutanen Damagaram, aka yi wa Mutari addu'a. Ni da Alhaji muka ci gaba da caccakar juna, ya ce mu ba mu san komai ba sai taurin kai, na ce su ko inuwa suka samu sai sun sayar. Raina fes, na ce a zuciyata aure ya ɗauru.

Sai Safiya ta shigo da tire. Doguwa, da tabarau, ta durƙusa ta gaishe ni da Hausa mai kyau, sai ɗan karkacewar harshe. Daɗi ya kwashe ni. Na ce, "Alhaji, ashe wahalar banza na yi da na ɗauko goro. Wannan ai baiwar gidanmu ce. Nasiru, tashi ka ɗauki kayanka mu tafi, ba a biyan sadakin baiwa."

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya. Safiya ta ajiye tiren a hankali ta ce, "Baba, me ka ce?"

Kun san ni. Maimakon in ja birki, sai na maimaita, har da ƙari. Ta miƙe, ta dubi Nasiru ta ce masa da Faransanci, "Kana zaune, kuma murmushi kake yi." Ta fita, ta ja ƙofar ba tare da ƙara ba. Alhaji ya hau kiranta ta dawo ta ba ni haƙuri, Hajiya ta ce ya ƙyale ta. Kafin mu kai gida saƙo ya shigo wayar Nasiru: a dakatar da maganar goro, ba za ta shiga gidan da aka kira ta baiwa kowa na dariya ba.

Da farko haushi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Na ce wace irin yarinya ce wannan da ba ta san wasa ba? Amma ina ta faɗa ni kaɗai, Nasiru na zaune gefen gado ya haɗa kai da gwiwa. Ya kira ta, ba ta ɗauka. Abinci ya gagare shi. Washegari ya ce, "Baba, a bar shi kawai, haka Allah ya ƙaddara." Na ce, "Allah bai ƙaddara ba tukuna, bakina ne ya yanka, kuma ni zan ɗinke." Alhaji ya bugo ya ce in kawo goro kawai, shi ya haife ta, ba ita ta haife shi ba. Na ce, "Alhaji, ba tunkiya na zo saye ba. In ba ta ce e da bakinta ba, goron nan ya bushe a akwati." Ga kwanakin bizata suna ta tafiya.

Hajiya Balaraba ce ta ba ni hanya. Ta kira ni ta ce ranar Alhamis Safiya za ta gabatar da wani sashe na aikinta a jami'a, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Ta ce, "Malam, kowa ya yi mata bayani, ba wanda ya saurare ta." Na ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ban gaya wa Nasiru ba. Na sa babbar rigata, wadda tela ya ce kada in sa, na fita ni kaɗai. Na hau taram, ɗan jirgin ƙasa na cikin gari, ta ɓarin da ba shi ba, sai da na ga gari na ƙarewa na sauka na dawo. Na isa an riga an fara, na lallaɓa na zauna a baya. Ta gan ni. Ta gyara tabarau, ta ci gaba.

Ni da na zo neman sulhu, sai ga ni na saki baki ina sauraro. Ashe kowace jiha cikin hamsin ɗin nan tana da sunan yanka, tana kuma da kirari, kamar yadda muke cewa Kano tumbin giwa, Katsina ɗakin kara. Har a jikin lambar mota wasu ke rubutawa. Wasu na yabo ne kawai: wannan jihar zinariya, waccan jihar hasken rana. Safiya ta ce waɗannan ba su dame ta ba. Waɗanda take bin sawunsu su ne waɗanda suka fara a matsayin gori.

Ta kawo Wisconsin. Mutanen da suka fara zuwa haƙar darma ba su tsaya gina ɗaki ba, a ramukan da suka tona a jikin tudu suke kwana lokacin sanyi. Sai aka riƙa kiransu da sunan wata dabba mai zaman rami, dangin dage. Yau dabbar nan tana jikin tutar jihar. Ta kawo Karolina ta Arewa, inda talakawa ke ƙona itace su fitar da kwaltar liƙe jiragen ruwa, ba takalmi, kwalta ta manne musu a ƙafa. Masu kwalta a dunduniya, haka ake ce musu, kuma raini ne tsantsa. Da aka yi yaƙin basasarsu, an ce sojojin jihar suka karɓe sunan, wai kwaltar ce ta sa in sun tsaya ba sa ja da baya. Ba ta ɓoye ba cewa ɓangaren masu riƙe bayi suka yi wa yaƙin, kuma da ta faɗi haka muryarta ta canza. Ta kawo Missouri, jihar sai-an-nuna-mini, ta ce masana ba su daidaita ba: wasu sun ce gori ne aka yi wa leburorinsu da suka je wata jiha ba su iya aiki ba sai an nuna musu, wasu sun ce taƙama ce ta mutanen da ba a ruɗarsu da daɗin baki.

Sai ta zo kan Connecticut, wai fatakensu don wayo har itace suke sassaƙawa su sayar a matsayin gyaɗar ƙamshi. Ba a taɓa kama su da hujja ba, amma sunan ya zauna. Jama'a, maganar ta taso mini har maƙogwaro. Na cije leɓe na haɗiye ta, kuma ta fi cukun tsohuwar nan wuyar haɗiya.

A ƙarshe ta ce abin da ta gano shi ne, gori ba ya zama kirari don wanda ya yi shi ya ce da wasa yake. Sai ranar da wanda aka yi wa ya sunkuya ya ɗauka da hannunsa. Akwai sunayen da masu su suka ƙi ɗauka, kuma sun mutu. Takardunta take kallo lokacin da take faɗa, amma na san inda aka aiko saƙon.

Da aka watse na tsaya a bakin ƙofa. Ta zo ta gaishe ni, ba sakin fuska, ba rashin kunya.

"Baba, Abba ne ya turo ka?"

"Ba wanda ya turo ni. Ƙafata ce ta kawo ni, ita ma sai da ta ɓata."

Muka zauna a wani benci a harabar. Na ce yau ban zo da magana ba, kunne na kawo. Ta fara, rabi Hausa rabi Faransanci.

"Na san wasa ne. Mama ta faɗa mini, Abba ya faɗa, Nasiru ya rubuto. Amma Baba, a nan aka haife ni. Tun ina ƙarama ake raɗa mini sunaye, saboda fatata, saboda unguwarmu, saboda ɗankwalina. In na ɓata rai sai a ce, ke ba ki san wasa ba? Gidanmu ne kaɗai inda ba a yi mini. Sai ga shi a falon Abba, ina durƙushe da tire a hannu." Ta cire tabarau ta goge. "Kuma kalmar nan kullum ina karanta ta a tsofaffin takardun Amirka, kusa da sunayen mutane. Can gida ma, za ka iya rantsewa babu waɗanda har yau ake hana su aure saboda ita, ba da wasa ba?"

Ban rantse ba. Ku ma kun san ba zan iya ba, kun san gidajen. Kunya ta kama ni irin wadda rabona da ita tun ina yaro.

Na ce, "Ƴata, wasanmu yana da doka guda: ba a yin sa da wanda ba zai rama ba. Na zagi ubanki, ya zage ni, kowa ya tashi da farin ciki. Ke kuwa na doke ki ba sanda a hannunki. Wannan ba wasan Kano da Damagaram ba ne, cin zali ne, ko da ban nufa ba. Ki yafe mini. Sandar kuma ga ta na kawo miki. Ke Bakanuwa ce, kina da iko ki kira ni abin da na kira ki, ki tuɓe mini hula, ki ci ni tara, ba mai ce miki kanzil."

"Ba na son kalmar, ko a bakina."

"To na ajiye ta. Tsakanina da ke da ƴaƴanki, ta mutu."

"Nasiru fa? Murmushi ya yi."

"Nasiru a hannuna ya tashi. In ina magana murmushi yake, ko ta yi masa daɗi ko ta ƙona shi. Tarbiyyar da na ba shi ke nan, in da laifi a kaina yake. Tun ranar nan bai ci abin kirki ba."

Ta mayar da tabaraunta. Ni kuma, tun da hali zanen dutse ne, na ce, "In an ba ni izini, ina da tambaya ɗaya a kan karatun ɗazu."

"Ina ji."

"Mutanen nan masu sassaƙa gyaɗar ƙamshi, an bincika kuwa ba daga Kano kakanninsu suka tashi ba?"

Ta sa hannu ta rufe baki, amma kafaɗunta sun tona mata asiri. Da ta natsu ta ce, "Akwai wadda ban kawo ba yau, Oklahoma. Gwamnati ta karɓe ƙasar daga hannun ƴan asalin wurin, ta ce za a raba wa masu zuwa. Aka tara mutane a bakin iyaka, aka ce kowa ya jira, sai an harba bindiga a ruga, inda ka kafa turke naka ne. Wasu ba su jira ba, suka lallaɓa suka shige tun kafin a harba. Aka raɗa musu suna na raini, masu shiga kafin lokaci. Yau duk jihar da shi take taƙama."

Na ce, "Ai wannan shi ne riga malam masallaci."

Ta maimaita a hankali, tana ɗanɗana shi. Sai ta dube ni ta saman tabarau. "Kamar mutumin da ya fara wasa da yarinya tun kafin ta gama gaishe shi."

"Kamar shi."

"To Baba, sunanka ke nan. Riga-Malam. Ku kawo goron. Zan kira ka da shi a gaban mutane. In ka amsa, na amsa."

Ranar Lahadi falon Alhaji ya cika: limamin unguwa, dattawan Nijar da na Najeriya, abokan Nasiru. Cikinsu har da wani likita da ya taɓa zama ɗalibina a Damagaram, wanda ya ƙi zama kan kujera don ina wurin, sai Mushe yake, Mushe yake. Na gabatar da goro, na nemi auren Safiya ga ɗana Nasiru kamar yadda aka gada. Alhaji ya ce ya ji, amma sai an ji ta bakin yarinya, ya aika ciki. Ban gaya wa kowa sharaɗin ba. Na zauna ina jan carbi, gumi na tsatstsafo mini a cikin sanyin nan.

Sai muryarta ta fito daga bayan labule, sarai, ba rawa.

"Baba Riga-Malam."

Kowa ya juyo ya dube ni. Liman ya sunkuyar da kai. Ɗalibina ya zaro ido kamar an mare shi. Alhaji ya yunƙura zai tashi, na dafa gwiwarsa. Shekara da shekaru ba yaron da ya taɓa kirana da abin da ya wuce Mushe, Malam ko Baba, ga shi yarinyar da na yi jika da ita ta kira ni mai azarɓaɓi a gaban dattawa. Na dubi Nasiru, ya daina numfashi.

Na gyara murya na ce, "Na'am, ƴata."

Ta ce, "Ka gaya wa Abba ya karɓa."

Aka shafa fatiha. Nasiru ya fita baranda, ya daɗe bai dawo ba, ban kuma aika a kira shi ba.

Sunan ya riga ni isowa Damagaram ta tarho, kuma na san kuna faɗarsa in na ba da baya. Ku daina wahalar ɓoyewa. Ku kira a gabana, zan amsa. Surukata ce ta raɗa mini, ni kuma na sunkuya na ɗauka da hannuna.